Zabibin Malaga: ya ci kuɗinsa, amma ajiyarsa a Kano sai da dabara

Zabibin da aka fi sani a Kano shi ne ƙananan nan marasa ƙwallo, masu ruwan zuma ko kore ko baƙi, waɗanda ake samu a Kasuwar Singa da manyan kantuna, ko alhazai su haɗo su da dabino da bagaruwa a tsarabar Makka. Yawancinsu daga Iran, Turkiyya, Indiya, Afganistan da Sin suke fitowa. Zabibin Malaga, na kudancin Sifaniya, wani abu ne daban. Ba kayan da ake jibgewa buhu-buhu ba ne, domin abin da ake samarwa a shekara kaɗan ne, daga ƙananan gonaki na gado da ke maƙale a jikin tsaunuka. Wanda ke isowa Kano galibi a jakar matafiyi yake zuwa, ko ta hannun masu yi wa mutane odar kaya daga waje. Idan maganar zabibin da za a ci haka nan ake yi, ba a zuba shi a girki ba, to ba mu san wanda ya kama ƙafarsa ba. Amma yana da ƙwallo, yana da tsada, kuma yanayin garin nan yana iya lalata shi cikin 'yan makonni idan aka ajiye shi yadda ake ajiye sauran.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai wanda aka bari a nononsa, wato inabin ya bushe a jikin tsinkensa aka jera shi a kwali, akwai kuma wanda aka tsinke ƙwaya-ƙwaya. Na nono shi ne na kyauta da na tarbar baƙo, kuma ya fi riƙe laushinsa, tunda ba a buɗe wa ƙwayar wata kafa da ruwanta zai fita ba. Na ƙwaya ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba a biyan nauyin tsinke. Duk da cewa inabin fari ne, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa idan ya nuna, zabibin baƙi yake fitowa da sirkin shunayya, saboda rana ce ta busar da shi ba tare da an sa masa wani abin da zai hana shi rinewa ba. A cikin tamojin fatarsa ana ganin wata 'yar farar hoda mai shuɗi-shuɗi. Ba datti ba ce, kakin da inabi yake fitowa da shi ne daga gona, kuma ganinta alama ce ta cewa ba a wanke shi an shafe shi da mai ba.

Girman ƙwayar ne yake fara ɗaukar ido. Ƙa'idar hukumar da ke kula da sunan zabibin Malaga ta ce kada ya wuce ƙwaya 80 a giram 100, zaɓaɓɓen ciki ma bai kai haka yawa ba. Ƙananan zabibin kasuwa kuwa suna haura 200 a wannan awon, wasu har 300 da ɗoriya. Tsokar tana da kauri da laushi kamar ɗanyen dabinon da ya nuna luguf, fatar ba ta da tauri, ba ta kuma maƙalewa a haƙori. Zaƙin yana da ƙarfi, sukari ya fi rabin nauyinsa, amma akwai ɗan tsami a ƙarƙashi da yake hana shi hawa kai. Abin da ya raba shi da kowane zabibi shi ne ƙamshi: furen lemo, wardi da zuma, kuma yana zama a baki bayan an haɗiye. Wannan ƙamshin na irin inabin ne, wanda ake kira Muskat na Iskandariyya, kuma mafi yawansa a fatar yake. Shi ya sa wanda ya tsotse tsokar ya tofar da fatar ya zubar da rabin abin da ya biya.

Gonakin suna gabas da birnin Malaga, a yankin tsaunuka da ake kira Asharkiya, wanda a kan kwali za a ga an rubuta shi Axarquía, da kuma wani ɗan yanki a yamma, wajen Manilva. Ƙauyukan da suka yi suna a sana'ar sun haɗa da Almáchar, El Borge, Iznate da Moclinejo. Ƙasar Andalus ce ta da. Ibn Baɗuɗa ya shiga Malaga wajen shekarar 1350, ya ce ya ga ana sayar da inabi a kasuwanninta ratali takwas a kan ƙaramin dirhami. Birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1487, amma noman inabi da busar da shi ya ci gaba, har ya zama babban abin da lardin yake fitarwa zuwa Ingila da Amurka a ƙarni na 19, lokacin da gonakin inabinsa suka haura hekta 100,000. A 1878 wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar saiwa, filoksera, wanda asalinsa daga Amurka ne, ya ɓulla a wata gona a Moclinejo, cikin 'yan shekaru ya share kusan duk gonakin lardin. Abin da aka sake dasawa, an yi masa aure ne da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kuma bai taɓa komawa ko kusa da faɗinsa na da ba. A 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan tsarin noma cikin jerin gadon noma na duniya.

Tsadar daga yadda ake aikin take. Gangaren ya yi tsayin da tarakta ba ta iya shiga, ƙasar kuma tsakuwa ce ta dutsen nan mai farfashewa falle-falle. Ba a ban ruwa. Kurangar ba a ɗora ta a kan waya, ana datse ta ne ta zama gajeren kututture a ƙasa, ganyenta ya yi wa 'ya'yan inuwa. A watan Agusta ake yanka, da hannu, nono bayan nono, ana zaɓar waɗanda suka nuna sosai a bar sauran zuwa wani zagayen, kuma har yau a gonaki da yawa alfadari ne yake sauko da akwatunan. Wurin shanyar wani fili ne mai kusurwa huɗu a kan gangare, yana fuskantar kudu don ya sha rana tun safe har yamma, an kewaye shi da gajeren gini mai farar ƙasa. Ana shimfiɗa nonnan ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora wani a kan wani. Da dare, ko idan hadari ya taso, sai a ja tamfol a kan wani karan tsakiya a rufe, domin raɓa tana jiƙa fatar ta jawo fumfuna. Idan gefen sama ya bushe a juya kowane nono da hannu. Mako biyu zuwa uku ake ɗauka, gwargwadon zafin shekarar, kuma kilo uku zuwa huɗu na ɗanyen inabi ne yake ba da kilo ɗaya. Daga nan iyalai su zauna a inuwa da ƙaramin almakashi suna cire ruɓaɓɓu, suna gyara nonnan da suka yi kyau, sauran kuma su tsinke su ɗaya-ɗaya.

Ga wanda yake son gane bambancin, zabibin Turkiyya mai ruwan zuma ana tsoma shi ne a wani ruwa mai kama da ruwan toka haɗe da ɗan man zaitun kafin a shanya, domin kakin fatar ya saki, ruwan ya fita da wuri. Wanda yake rawaya shar kuma hayaƙin farar wuta aka ba shi don kada ya yi duhu, kuma shi ne wanda wasu masu asma suke jin ƙirjinsu ya riƙe idan sun ci. A kan leda ana rubuta shi E220. Dogon koren nan na Turfan a ƙasar Sin da na Afganistan a inuwa ake busar da shi, cikin ɗakunan ƙasa masu kafofin iska. Da yawa daga cikinsu ana yi musu shafen man girki don kada su dunƙule. Babu laifi a cikin ko ɗaya, kowanne da aikinsa. Sai dai duk inabi ne marasa ƙamshi na musamman, zaƙi kawai suke bayarwa.

Sunan Muskat ba na Malaga ba ne shi kaɗai, kuma a nan ake yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa. Ana noman wannan inabin da danginsa a wasu ƙasashen, a busar, a kawo Sifaniya a zuba a leda, a rubuta Moscatel da manyan baƙaƙe. Na ainihi dole a ga an rubuta Pasas de Málaga, tare da tambarin Tarayyar Turai mai zagaye, ja da rawaya, wanda aka rubuta Denominación de Origen Protegida a kewayensa, da kuma 'yar takardar hukumar da ke kula da sunan, mai ɗauke da lamba. Tambari shuɗi da rawaya wani mataki ne daban, ba na wannan ba ne. Kalmar envasado tana nuna inda aka zuba shi a kwali ne kawai, ba inda aka noma shi ba. A nemi inda aka rubuta origen. Idan aka ga sin pepitas, wato babu ƙwallo, to a sake duba sauran rubutun da kyau, domin zabibin Malaga da aka sani da ƙwallonsa yake zuwa. Ranar da ya kamata a cinye shi tana bin jimlar consumir preferentemente antes de. Wanda ya shigo ta hannun mai shigo da kaya na hukuma ya kamata a ga lambar NAFDAC a jikinsa. Na tsaraba ba za a same ta ba, sai a dogara da rufin kwalin da waɗannan alamomin.

Akwai wani abin da ya wajaba a kula da shi. Da wannan inabin ne mutanen yankin suke yin farar giyarsu mai zaƙi, hukuma ɗaya ce ma take kula da sunan giyar da na zabibin, don haka ganin hoton gonar ko sunan kamfanin a jikin duka biyun ba abin mamaki ba ne. Zabibin kansa halal ne, busasshen inabi ne kawai, jerin abin da ke cikinsa layi ɗaya ne. Amma a shagunan 'yan yawon buɗe ido na can ana sayar da zabibin da aka jiƙa a giya, a kwalba ko lulluɓe da cakulan, kuma kwalin yana kama da na ainihin. Duk inda aka ga vino, licor, ron, brandy ko aguardiente a jerin kayan haɗin, a ajiye shi. Wanda zai aiki wani ya sayo masa, ya tura masa waɗannan kalmomi biyar a waya tun kafin ya shiga shagon.

Idan kayan ya iso, kafin a biya ko a raba, a buɗe a shinshina. Ƙamshin fure ya kamata ya fara dukan hanci. Warin tsami irin na ƙullun da ya kwana, ko leda da ta kumbura, alama ce ta cewa ya fara tsimuwa a hanya, watakila ya yi kwanaki a ɗakin ajiya mai zafi. A matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu: ta lotsa ta ɗan dawo, ba ta fashe ta yi ruwa ba, ba ta kuma yi tauri ba. Yatsun su ɗan yi danƙo amma kada su yi maiƙo. Tsinken ya zama busasshe mai karyewa, ba mai baƙin gari a jikinsa ba. A ɗaga nonnan a duba ƙasan kwalin, nan ne ƙwari suke barin garinsu. Wanda yake da ƙaramin sikeli ya auna giram 50 ya ƙirga. Idan sun haura 40 sosai, ko dai ba shi ba ne, ko ya tsufa ya bushe.

Danshinsa shi ne daɗinsa, shi ne kuma matsalarsa. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta yarda zabibi na yau da kullum ya riƙe ruwa har kashi 18 cikin ɗari, amma irin na Malaga ta ba shi har kashi 31. A kashi 18 yis da fumfuna ba sa samun ruwan da za su rayu da shi, shi ya sa zabibin kasuwa yake shekara a kanta bai ce komai ba. A kashi 30 kuwa suna dab da samu, zafi kaɗan da laima kaɗan suke jira. A Kano yanayi uku ne suke damunsa, kowanne da irin ɓarnar da yake yi masa. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, kwalin da aka bari a buɗe cikin kwana kaɗan zai yi tauri, ƙamshin ya tafi tare da ruwan. A bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake kai maki 40, sukarin yana dahuwa a hankali, launin ya ƙara duhu, ɗanɗanon fure ya koma na ƙonanniyar alewa, idan kuma a leda yake a rufe ya yi gumi ya fara tsami. A damina, musamman Agusta, sukarin yana jawo laimar iska, fatar ta jiƙe, fumfuna ta kama. Cikin ukun, bazara ce ta fi yi masa illa, domin ɓarnarta ba ta cika nunawa a ido ba, sai an kai baki.

Ajiyar da ta fi dacewa ita ce a raba shi tun ranar farko. A sami ƙananan kwalabe masu murfin da yake kamawa sosai, a wanke su, a bari su bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya a ƙasan kwalba ya isa ya fara ɓarna. A zuba giram 100 zuwa 150 a kowace, abin da gida zai ci a mako guda, a cika ta yadda iska ba za ta yi yawa a ciki ba. Kada a wanke zabibin kafin ajiya, sai lokacin ci. Kwalba ɗaya a firji, sauran a firiza. Saboda yawan sukarinsa ba ya daskarewa ya zama ƙanƙara, kuma yana wata da watanni a haka. Matsalar ɗauke wuta ita ce gumi: duk lokacin da firjin ya huce ya sake sanyi, ruwa yana taruwa a jikin duk abin da iska take taɓawa. Kwalba mai rufi sosai tana maganin wannan, ledar da aka ƙulle da hannu ba ta yi. Idan an fito da kwalba daga sanyi, a bar ta a rufe kamar rabin awa ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba laimar ɗaki za ta sauka a kan zabibin kai tsaye. Inda babu wuta sam, a sa kwalbar a tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa. Tana aiki sosai a hunturu da bazara, a damina kuwa ba ta sanyayawa sosai. Kiyashi kuma sai an ɗora tukunyar a kan faranti mai ruwa.

Mutane da yawa suna zubar da mai kyau saboda farin abin da suka gani a jikinsa. Idan zabibi ya daɗe, musamman a sanyi, sukarinsa yana fitowa ya daskare a fata ko a cikin tsoka, ya zama tsaki-tsaki mai ƙaras-ƙaras a haƙori. Ba shi da wari, kuma idan aka sa ƙwayar a ruwan ɗumi yana narkewa cikin minti kaɗan. Wannan ba lalacewa ba ce, alama ce kawai ta cewa ya kwana biyu. Fumfuna kuwa gashi-gashi take, fara ko kore ko baƙa, tana farawa daga wajen hancin ƙwayar ko inda fata ta tsage, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, kuma ruwa ba ya narkar da ita. Idan an gan ta, kwalbar gaba ɗaya za a zubar, ba a tsince masu kyau ba, domin baƙar fumfunar inabi tana iya barin guba mai taɓa ƙoda, wadda wanki da tafasawa ba sa kawar da ita. Zare-zare irin na saƙar gizo tsakanin ƙwayoyi kuma aikin tsutsar asu ne. Tunda ba a yi wa wannan zabibin wani shafe ba, yana da kyau duk kwalaben su yi mako guda a firiza mai sanyi sosai kafin a mayar da ɗaya firji, don ƙwan da ba a gani ya mutu.

A wajen ci, a ɗauraye abin da za a ci kawai, a tsane, a bar shi ya huce idan daga firji yake, domin sanyi yana danne ƙamshin. Ƙwallon ɗaya zuwa uku ne a kowace ƙwaya. Ana iya tauna shi, ba ya cutarwa, amma yana da bauri da yake ɓata ƙarshen ɗanɗanon, gara a fitar. Yara ƙanana a cire musu tukuna a tsaga ƙwayar biyu. Yana tafiya da shayi marar sukari, da soyayyar gyaɗa marar gishiri, kuma ya fi kyau da cukun Agadas. A kindirmo ma yana yi, idan an cire ƙwallon an yanka, an bar shi minti goma ya sha. Cire ƙwallon: a jiƙa a ruwan ɗumi minti goma, a tsaga gefe da ƙaramar wuƙa, a matsa daga ƙasa. Aiki ne mai cin lokaci. Don haka a kek, ko shinkafar Larabawa, ko duk abin da zai shiga wuta da kayan ƙamshi, kada a ɓata shi. Zafi yana kore ƙamshin furen, kanumfari da kirfa su binne abin da ya rage, a ƙarshe ba za a bambance shi da na Singa ba. Hajiyar da take yin kek na biki ta ci gaba da sayen marar ƙwallo, shi ya fi mata.

Inda ya fi nuna kansa bayan ci haka nan shi ne jiƙo. A ɗauki giram 100, a ɗauraye, a tsaga kowace ƙwaya, a zuba a kwalba ko jug na gilashi mai tsabta da lita ɗaya ta ruwan sha, a rufe. Awa takwas zuwa goma sha biyu ya isa, a firji idan da hali. Sai a murje da hannu ko bayan cokali, a tace da rariya mai laushi. Kada a sa a bilenda, domin tana farfasa ƙwallon, ruwan ya yi ɗaci da bauri. Abin da zai fito ruwa ne mai launin shayi marar kauri, zaƙinsa wajen rabin na lemon kwalba, da ƙamshin Muskat sosai. Mai son ya fi haka ƙarfi ya sa giram 150. Ba ya buƙatar sukari. Jiƙon zabibi sunna ce sananniya. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Nana A'isha cewa sukan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Daga Ibn Abbas kuma cewa yakan sha jiƙon zabibi har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan a bayar ko a zubar. A zafin Kano, ba tare da firji ba, a tsaya a kan na farkon. Fatar zabibin da rana ta busar tana ɗauke da yis nata, kuma ruwa mai sukari a ɗaki mai zafin maki 30 zuwa 35 shi ne ainihin abin da yis yake so. Kumfa a sama, ƙananan ƙwayoyin iska masu tasowa, ƙarar fitar iska idan an buɗe murfi, ko ɗanɗano mai cizon harshe, duk suna nufin ya fara juyawa, a zubar. Ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid sun san hanin haɗa iri biyu a jiƙo ɗaya, kamar dabino da zabibi, da hanin jiƙawa a cikin duma. A mashhurin mazhabar Malikiyya karhanci ne. Ta fuskar aiki ma dalilin a fili yake: haɗin yana ƙara sukari ya gaggauta tsimuwa, ƙwarya da gora kuma suna da ƙananan kafofi da suke riƙe yis na jiƙon jiya su zuba shi a na yau, komai wankin da aka yi musu.

Masu ciwon sukari su yi hattara da shi kamar yadda suke yi da dabino. Giram 30, wato ƙwaya ashirin da 'yan kai, yana ɗauke da sukarin da ya kai kusan cokalin shayi huɗu, kuma laushinsa yana sa a ci da yawa ba a ankara ba.

Kuɗinsa ya ninka na zabibin kasuwa sau da yawa tun a can, kafin a ɗora kuɗin jirgi da canjin Yuro. Wajen kwatanta farashi a lissafa a kan giram 100, a kuma tuna cewa a na nono ana biyan tsinke, a duka biyun ana biyan ƙwallo da ruwa. Wanda zai yi kyauta ga surukai ko babban baƙo, kwalin nono na rabin kilo ya fi kilo biyu na wanda aka saba, domin abu ne da ba kowa ya taɓa gani ba. Wanda zai ci a gida ya sayi na ƙwaya. Mai shago da yake tunanin sarin sa ya fara tabbatar yana da sanyin da ba ya yankewa, kuma ya raba shi a ƙananan mazubai masu rufi, kada ya buɗe kwali a kan kanta yana aunawa. Lokacin saye ya fi komai muhimmanci. Sabon kaya yana fitowa daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kuma daga nan zuwa Fabrairu yake kan ganiyarsa, wanda ya yi daidai da sanyin Kano. A 'yan shekarun da azumi yake faɗowa wajen Fabrairu da Maris, wanda aka saya a Nuwamba ko Disamba aka sa a firiza zai kai buɗa-baki da ƙamshinsa. Wanda aka kawo a Yuni ko Yuli kuwa ya riga ya yi wata tara ko goma da shanya, ya kuma ratsa bazara a hanya ko a shago, don haka sai an buɗe an shinshina kafin a yi ciniki, kuma kada a ɗauki fiye da abin da za a cinye kafin ruwan Agusta ya kankama.